Daga gadar Kenedi zuwa Ɗansadau: wa ke tuna mai masauki?

Ran 18 ga watan Yuli na shekara ta 2021, ƴan bindiga suka harbo wani jirgin yaƙin Najeriya a dajin Zamfara. Matuƙin ya tsira, duniya ta ji sunansa, ta ga hotonsa. Mutanen da ya fake a wurinsu kuwa suna can inda ya baro su. Irin wannan labari yana da tarihi mai tsawo, kuma ko a nan Yamai akwai wani yanki nasa da muke takawa kowace safiya ba mu sani ba.

Duk wanda ke zaune Harobanda, ɗalibin jami'ar Abdu Mumuni ne, ko mai jinya a asibitin Lamorde, ko mai garka da ke kai salati da kabeji kasuwa, ya san gadar Kenedi kamar yadda ya san zauren gidansu. Tun shekara ta 1970 da aka buɗe ta take haɗa gaɓoɓin kogin Isa guda biyu. Kafin ta sai kwale-kwale da jirgin fito, shi ya sa ma Zabarmawa suka kira wannan gefe Harobanda, wato bayan ruwa. Ɗan taksi na kiran sunan gadar, ɗan kabu-kabu na kira, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa da ba don wasu samari biyu masu kwale-kwale ba, da wuya mai sunan ya kai ga mulkin Amurka, balle har a raɗa wa gada sunansa a ƙasar Nijar.

Ga yadda abin ya faru. Cikin daren 1 wayewar 2 ga watan Agusta na 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, wajen tsibiran Salomon da ke tekun Pasifik, wani babban jirgin yaƙin Japan mai suna Amagiri ya bi ta kan ƙaramin jirgin ruwan da laftanan Jon Kenedi ke jagoranta, ya raba shi biyu. Mutum 13 ke ciki. Biyu suka mutu, 11 suka yi iyo har wani ɗan tsibiri, ga yunwa, ga ƙishirwa, ga sojan Japan kewaye da su. Bayan kwanaki sai ga samari biyu ƴan ƙasar, Biuku Gasa da Eroni Kumana, waɗanda ke yi wa wani hafsan Ostareliya aikin leƙen motsin Japanawa. Kenedi ya karta saƙo da wuƙa a bayan kwakwa, samarin suka ɗauka, suka tuƙa kwale-kwale wajen kilomita 60 cikin ruwan da abokan gaba ke sintiri, har sansanin Amurkawa na Rendova. Ran 8 ga watan aka ceto mutanen. Kenedi ya hau mulki a 1961, ya ajiye kwakwar nan a kan teburinsa na fadar shugaban ƙasa. Gasa ya rasu a 2005, Kumana a 2014, kowannensu a tsibiransu na haihuwa.

Kenedi mayaƙin ruwa ne, amma halin da ya shiga shi ne halin da kowane matuƙin jirgin sama ke shiga ranar da aka harbo shi a ƙasar da abokin gaba ke riƙe da ita: makaminsa ya tafi, rundunarsa ta yi nisa, ransa ya koma hannun talakan da bai taɓa gani ba. Sai mu dawo kusa da gida mu ga yadda aka yi a ƙasar Hausa.

Saura kwana biyu sallar layya

Ranar Lahadi ce, damina ta yi tsaka, saura kwana biyu a yi sallar layya a Najeriya. Wajen ƙarfe 12 da minti 45 na rana, wani jirgi samfurin Alpha Jet, ƙirar haɗin gwiwar Faransa da Jamus, yana komawa masaukinsa bayan ya kai hari kan ƴan bindiga a iyakar jihohin Zamfara da Kaduna, sai aka buɗe masa wuta daga ƙasa. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, hafsa mai muƙamin da ya yi daidai da na kaftin a sojan ƙasa, ya ja abin da ke cilla kujera waje, ya diro da lema, jirgin kuma ya faɗi cikin daji.

Kashegari kakakin rundunar sojan saman Najeriya, Edward Gabkwet, ya fitar da sanarwa. Bisa ga abin da ta ƙunsa, ƴan bindigar sun bi matuƙin da harbi, ya zulle musu, ya fake a matsugunan mutane da ke kusa har rana ta faɗi. Da duhu ya yi, ya riƙa duba hanya da salularsa, ya kewaye sansanonin ƴan bindiga da dama, har ya isa wurin wata ƙungiyar sojan ƙasa. Sanarwar ta ƙara da cewa jiragen da aka tura nemansa sun taimaka wajen razana masu bin sa. Daga baya jaridun Najeriya suka ba da labari cewa mutanen ƙauye ne a yankin Ɗansadau, cikin ƙaramar hukumar Maru, suka kama masa har ya faɗa hannun soji.

An yaba wa hafsan, kuma ya cancanci yabo, domin ba kowa ne zai faɗo daga sama da ciwo a jiki ya riƙe hankalinsa ba. An kuwa san abin da ya kuɓuce wa. A watan Satumba na 2014 wani jirgin irin nasa ya tashi daga Yola bai komo ba. Matuƙinsa, Chimda Hedima, ya faɗa hannun Boko Haram, suka kashe shi, suka yaɗa hoton kisan. Sai dai akwai ƴan kalmomi a sanarwar nan da ya kamata mai karatu ya tsaya a kansu: ya fake a matsugunan mutane. Matsuguni ba ya ɓoye mutum da kansa. Baƙo mai kakin soja, wanda harshensa ma ya bambanta, ba ya wuni a ƙauyen Hausa ba a san da shi ba. Idan ya kai faɗuwar rana da ransa, to akwai idon da ya gani ya kau da kai, akwai bakin da ya sani ya yi shiru.

Abin da ƙauye ya auna

Domin a gane nauyin wannan shiru, sai an tuna halin da karkarar Zamfara ke ciki a wannan shekara. Ran 26 ga Fabrairu na 2021 aka sace ƴan mata 279 daga makarantar Jangebe. A farkon Maris gwamnatin tarayya ta hana jirage shawagi a samaniyar jihar, a watan Satumba kuma aka katse layukan salula. A ƙauyukan da ke bakin dajin Kuyambana da makamantansu, ƴan bindiga ne ke yanka wa mutane haraji kafin su yi shuka ko girbi, su ke tare hanya, kuma suna da masu kai musu rahoto a cikin gari. Ƙauyen da aka zarga da haɗa kai da soja ya san abin da ke biyo baya: a ƙone rumbuna, a kore dabbobi, a kashe maza. Babu tutar wata ƙasa da aka kafa a wurin, amma talaka na rayuwa ne kamar wanda aka ci ƙasarsa da yaƙi.

Akwai kuma abu na biyu, wanda ba a cika faɗa ba. Ga mutumin ƙauye, ƙarar jirgin yaƙi ba kullum take nufin ceto ba. A watan Janairu na 2017 jirgin sojan Najeriya ya jefa bam bisa kuskure kan sansanin ƴan gudun hijira a Rann, jihar Borno, mutane masu yawa suka mutu. Ran 18 ga Fabrairu na 2022 abin ya tsallako mana iyaka: a ƙauyen Nacade, cikin gundumar Madarunfa, yara 7 suka rasa rayukansu, bisa faɗar gwamnan jihar Maraɗi na lokacin. Ran 3 ga Disamba na 2023 jirgi marar matuƙi ya faɗa wa masu taron Mauludi a Tudun Biri, jihar Kaduna, aƙalla mutum 85 suka halaka. Saboda haka wanda ya ga matuƙi a ƙofarsa yana iya samun dalilin juya masa baya, yana kuma iya samun kuɗi in ya miƙa shi. Wanda ya zaɓi ya rufa masa asiri ya san duk wannan, ya zaɓa.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. A nan ne karin maganar ke da ɗaci: raɓa na tashi da hantsi, matuƙi ya koma barikinsa, mai masauki kuwa zai kwana a gidan nan, gobe ya tafi gonar nan, ya bi hanyar nan da ƴan bindiga ke tsare da ita.

Sanarwar Satumba ta 1941

Turai ta san wannan lissafi tun shekaru fiye da 80 da suka wuce. Bayan da Jamus ta mamaye Beljiyam da Faransa a 1940, jiragen Ingila, daga baya da na Amurka, suka riƙa ratsa samaniyarsu dare da rana, ana harbo su da yawa. Ran 22 ga Satumba na 1941, janar Otto von Stülpnagel, kwamandan sojan Jamus a Faransa, ya sa aka manna sanarwa a bangaye: duk namijin da ya taimaki ma'aikatan jirgin abokan gaba za a harbe shi nan take, mace kuma a kai ta sansanin gwale-gwale a Jamus, wanda ya taimaka aka kama su kuwa yana iya samun ladar da ta kai tamma 10.000 na kuɗin lokacin. Shi matuƙin da aka kama, yarjejeniyar Janeba ta 1929 ta ba shi matsayin fursunan yaƙi, ya jira ƙarshen yaƙi a sansani. Manomin da ya ba shi miya da tsohuwar riga ba shi da wannan kariya. Ga shi kuma bama-baman waɗannan jirage sun kashe farar hula fiye da 50.000 a Faransa kafin yaƙin ya ƙare.

Duk da haka aka samu masu buɗe ƙofa. A watan Agusta na 1941 wata budurwa ƴar Beljiyam mai shekara 24, Andrée de Jongh, ta bayyana a ofishin jakadancin Ingila da ke Bilbao, ƙasar Sifen, tare da sojan Birtaniya guda da ta rako tun daga Burusal. Daga nan aka kafa hanyar da ake kira Comète: daga gida zuwa gida, daga jirgin ƙasa zuwa keke, har dutsen Pirene, inda wani ɗan fasa-ƙwauri mai suna Florentino Goikoetxea ke tsallakar da su kogin Bidasoa cikin dare. Kusan mutum 800 suka bi wannan hanya, ita kanta ta rako 118. Ran 15 ga Janairu na 1943 aka kama ta a wani gidan gona a garin Urrugne, tare da matuƙa uku da uwar gidan, Frantxia Usandizaga, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa uku. Matuƙan suka tafi sansanin fursunonin yaƙi. Uwar gidan ta mutu a sansanin Ravensbrück a watan Afrilu na 1945. Mahaifin Andrée, shugaban wata makarantar firamare, aka harbe shi a 1944. An kama ɗaruruwan masu taimakon Comète, fiye da 150 ba su komo ba. Andrée ta rayu, ta kuma ƙare ƙarfinta a nahiyarmu, tana jinyar kutare a Kwango, da Kamaru, da Habasha, da Senegal. Ta rasu a 2007.

Bafulatanin Gine a ƙasar Vosges

A cikin wannan tarihi akwai ɗanmu na Afirka ta Yamma da ya zauna a matsayi biyu, baƙo da mai masauki. Mamadu Hadi Ba, wanda Faransawa ke kira Addi Bâ, Bafulatani ne daga Futa Jalon ta ƙasar Gine, soja a rundunar baƙaƙen fata da Faransa ta tara daga ƙasashenmu, irin wadda mazan jiyan Nijar da yawa suka yi wa aiki. A watan Yuni na 1940 Jamusawa suka kama shi, a daidai lokacin da suke kashe fursunoni baƙaƙe gungu-gungu, kamar yadda suka yi a Chasselay kusa da Liyon. Ya gudu daga inda aka tsare shi a Neufchâteau, ya shiga daji tare da wasu ƴan'uwansa. Mutanen ƙauyukan Vosges suka riƙa kai musu abinci, daga baya ya zauna a ƙauyen Tollaincourt a matsayin ɗan ƙwadagon gona. Baƙar fata a ƙauyen Turawa ba ta ɓoyuwa; ƙauyen duka ne ya riƙe sirrin.

Wanda aka rufa wa asiri shi ma ya rufa wa wani. Addi Bâ ya taimaki sojojin Afirka da suka tsere su tsallaka ƙasar Suwis, haka kuma wani sojan saman Ingila mai suna Lawrence Horne da aka harbo jirginsu. A 1943, shi da abokinsa Marcel Arburger suka kafa sansanin ƴan gwagwarmaya a cikin daji domin samarin da suka ƙi tafiya aikin dole a Jamus. Aka kama shi a wannan shekara, aka azabtar da shi, bai ba da sunan kowa ba. Ran 18 ga Disamba na 1943 aka harbe su biyun a Épinal. Sai a 2003, bayan shekara 60, Faransa ta ba shi lambar girma ta ƴan gwagwarmaya. Marubucin Gine Tierno Monénembo ya rubuta littafi a kan rayuwarsa a 2012.

Abin da doka ta ce

Bayan yaƙin, ƙasashe sun yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka. Sashe na 18 na yarjejeniyar Janeba ta farko, ta 1949, ya ba farar hula damar ɗaukar mai rauni su yi jinyarsa, ko daga wane ɓangare yake, ko da a ƙasar da aka mamaye, ya kuma hana a hukunta kowa saboda hakan. Ƙarin yarjejeniya na farko, na 1977, a sashe na 42, ya hana a harbi wanda ya diro da lema daga jirgin da ya lalace, ya ce in ya sauka a ba shi damar miƙa wuya. Nijar da Najeriya duka sun amince da waɗannan dokoki. Amma an rubuta su ne domin yaƙi tsakanin ƙasashe, kuma ɗan bindigar dajin Kuyambana bai sa musu hannu ba.

Abin da ya yi aiki a Zamfara ya girmi Janeba. Tun muna yara muke jin cewa baƙonka annabinka, kuma wanda ya faɗo gidanka yana neman tsira ba a miƙa shi. Malamai na karantar da cewa ranar buɗe Makka Ummu Hani ta ba wasu mutum biyu mafaka, Manzon Allah (SAW) kuma ya tabbatar da amanar da ta bayar. Mu a Nijar mun ga wannan hali da idonmu: tun daga 2019, dubun-dubatar mutanen Zamfara, da Sakkwato, da Katsina suka tsallako cikin gundumomin Gidan Runji da Madarunfa, kuma kafin a kafa musu matsugunai irin na Garin Kaka da Cadakwari, a gidajen talakawa suka sauka, aka raba hatsin rumbu da su.

Bashin da ya rage

Da aka gama yaƙin duniya, Ingila da Amurka sun buɗe ofisoshi domin binciko waɗanda suka taimaki sojojinsu, suka ba su takardun godiya, da lambobi, da diyya. Tsoffin matuƙan Ingila da aka tserar suka kafa ƙungiya da ta riƙa tallafa wa masu masaukinsu da marayun da suka bari har shekara ta 1995. Wannan ya yiwu ne saboda Jamusawa sun tafi. A Zamfara kuwa, a shekarun da suka biyo bayan 2021 ba a daina jin labarin hare-hare a kan hanyar Gusau zuwa Ɗansadau ba. Muddin haka ne, buga sunan wanda ya taimaka daidai yake da nuna shi da yatsa ga masu nemansa. Rufe sunayen nan wajibi ne, kuma jarida ce ta fi kowa sanin haka.

Sai dai rufe suna daban, mantawa daban. Rundunar da aka mayar wa hafsanta tana iya rubuta sunayen ta adana har ranar da faɗarsu ba za ta jawo wa kowa mutuwa ba. Kafin wannan rana, ladar da ƙauye zai gane ita ce hanyar da za a bi a kai marar lafiya asibiti, da gonar da za a girbe ba a biya ɗan bindiga ba, da matuƙin da zai duba da kyau kafin ya saki bam. Wannan darasi bai tsaya a Najeriya ba. Mu ma muna da sojoji a fagen daga, a Tilaberi, da Tawa, da Difa, kuma duk wanda ya rabu da ƴan'uwansa a daji wata rana, ƙofar makiyayi ko manomi zai ƙwanƙwasa. Yadda aka riƙe wannan talaka jiya shi zai nuna ko ƙofar za ta buɗe.

Mai karatu, in ka zo ƙetare gadar Kenedi gobe da safe, ka ɗan leƙa ƙasa. Masunta na nan cikin kwale-kwalensu suna jefa taru, kamar yadda suke yi tun kafin a kafa ginshiƙi na farko. Irinsu ne suka kai saƙon kwakwa Rendova. Allah ya saka wa masu rufin asiri da alheri, ya kuma kawo mana ranar da za a kira sunayensu a fili.